Burodin Yaya Vita a Favignana

Shekara talatin da ɗaya ni da Yaya Vita muna gasa burodi a garin Trapani, kuma duk safiya in muka buɗe ƙofar shago sai mun hango tsibirin Favignana kwance a kan teku. Ba mu taɓa taka shi ba. In na tayar da maganar sai Yaya ta ce, "Guduwa zai yi ne?" Bana dai, da muka rufe shago don hutun watan Agusta, na je na sayo tikiti biyu ban shawarce ta ba, na ajiye mata a kan tebur.

Rabin awa muka yi a jirgin ruwa, idonta a rufe, farcenta a cikin damtsena. Muna sauka ta gyara ɗankwali ta ce, "Dama iyakarta ke nan? Kin ga yadda kika tsorata kuwa, Ninfa?"

A wurin hayar kekuna mun tarar an kwashe duka, saura guda ɗaya mai sirdi biyu. Yaya ta ce ita ce babba, don haka ita ce a gaba. Rabonta da keke tun tana da shekara goma sha huɗu, yanzu kuwa tana da sittin da uku. Muka hau muna tangaɗi, mutane na darewa. Da muka fita gari hanya ta miƙe tsakanin katangun duwatsu, iska ta cika mana riguna, Yaya ta kama waƙa da ƙarfi. Can sai ga 'yar gangara.

"Birki, Yaya!"

"Wanne ne birkin?"

Ta matsa abin da hannunta ya samu, sai ƙararrawa ta hau kaɗawa. Haka muka gangara, ƙararrawa na ƙara, mu muna ihu, har muka zube cikin busasshiyar ciyawa. Ba wadda ta ji ciwo. Mun daɗe kwance a wurin, in ɗaya ta yunƙura za ta tashi sai dariya ta sake kayar da ita.

Yunwa ce ta tashe mu. Muka bi ƙanshi har wani ƙaramin gidan burodi a bayan gari. Mai shi wani dattijo ne mai farin gashin baki, Baldassare, ya yanka mana burodi ya zuba man zaitun da tumatir da kifi. Yaya ta gatsa sau ɗaya. Dama ƙarar injin kwaɓin shagonmu ta daɗe da ɗan taɓa mata kunne, in ta ce za ta yi raɗa har tsallaken titi ake ji.

"An yi wa wannan rowar gishiri," ta raɗa mini. "Kuma ba a bari ya tashi ba."

Dattijon ya ajiye wuƙa. "Baiwar Allah, kakana ne ya gina tandar nan."

"To Allah ya jiƙan kakanka, ai tandar ba ta da laifi."

"Tunda kin iya, ga fulawa can."

Na ja hannunta na ce, "Yaya, hutu fa muka zo." Ina! Har ta naɗe hannun riga. Ta yi kwaɓinta a gefe ɗaya na teburin, shi ma ya yi nasa a ɗaya gefen, suna hararar juna ta gefen ido. Da suka rufe kwanukan, Baldassare ya ce kafin kwaɓin ya tashi sai awa biyu, mu bi wata 'yar hanya a bayan gidansa mu je mu ga ruwa.

Hanyar ta kai mu wani lungu tsakanin fararen duwatsu, ba kowa sai mu. Ruwan garau, har yatsun ƙafarka kana iya ƙirgawa. Yaya, wadda a bakin teku aka haife ta amma ba ta taɓa shiga ya wuce gwiwarta ba, ta tuɓe riga ta shiga da shimi. Ƙananan kifaye suka taru a ƙafarta, ta dinga tsalle tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Na lallashe ta ta kwanta rigingine a kan ruwan, na tallabe mata ƙeya.

Bayan ɗan lokaci ta ce, "Ninfa, kada ki sake ni."

"Ai tun ɗazu na sake ki."

Ta buɗe ido ta hango ni can nesa da ita. Ta buɗe baki za ta zage ni, ruwa ya shige ta, ta miƙe tana tari tana dariya, ta ce mu sake. Mun sake ya fi sau goma. Rana ta karkata sosai kafin ta dafe ƙirji ta ce, "Kwaɓina!"

Muka taka keken nan kamar ana bin mu, gashinmu na ɗigar ruwa. Ashe Baldassare ya gaji da jira ya gasa duka biyun. Ya jera burodi biyu a tebur, kama ɗaya sak, ga maƙwabtansa mata uku sun jawo kujeru sun zauna jiran kallo.

"Bismillah, gwanar Trapani," in ji shi. "Nuna mana naki."

Yaya ta ƙwanƙwasa kowanne da yatsa, ta shinshina, ta gutsura ta tauna a hankali. Sannan ta ɗaga na dama sama.

"Wannan shi ake kira burodi. Ku ji ɓawon! Ku dubi cikin! Wancan kuwa a ba kaji."

Baldassare ya miƙa hannu. Ya ɗauki na kajin ya kife shi. A ƙarƙashinsa ga harafin farko na sunan Yaya, ya tsaga da wuƙa kafin ya sa a wuta.

Matan nan suka kwashe da shewa, ɗaya har ta zame daga kujera. Ni kam sai da na riƙe bango. Yaya ta dubi burodin hannunta, ta dubi dattijon, kunnuwanta suka yi ja.

"To ai da safe ba haka ka iya ba," ta ce. "Hannuna ka yi ta kallo, ɓarawon sana'a!"

Ya yi dariya har da hawaye, ya naɗe mana duka biyun a takarda, ya ce mu yi sauri jirgin yamma ba ya jira.

A jirgi Yaya ta ƙi zama a ciki. Ta fita waje inda iska take, ta warware takardar, ta shiga gutsura wa duk wanda ya gifta. Wata mata mai goyo ta ci na Baldassare ta lumshe ido, ta tambayi inda ake sayarwa. Yaya ta take mini ƙafa da ƙarfi, ta faɗa mata sunan titinmu, ta ce muna buɗewa ranar Litinin ƙarfe shida.