Sandunan Jarida Biyu

"Ba zan sauke ta ba, Padrino."

Nohemí ta faɗi haka tana ɗaure jaridar a jikin sandarta, ko kai ba ta ɗago ba. Don Wilfredo, sakataren magajin garin Santa Rufina, shi ne padrino ɗinta, wato wanda ya riƙe ta a coci ranar baftisma, shi kuma ya sa baki aka ba ta laburaren garin da ta dawo daga jami'a. Ga shi yau tsaye a bakin ƙofa yana fifita da hularsa.

"Haba 'yata, wa ya ce ki ƙona ta? Ki jefa ta a durowa har a gama zaɓe. Duk wanda ya tambaya, ki ce mota ba ta kawo ba."

"Ai ta kawo. Rabin kasuwa sun ga direba ya jefo ta."

Tun kafin a haifi Nohemí, sanduna biyu ake ratayewa a bangon laburaren kowace safiya, ɗaya da jaridar masu mulki, ɗaya da ta 'yan adawa. Tsofaffin manoman kofi su zo su karanta wannan su yi tsaki, su karɓi waccan su sake yin tsaki. To a makon nan ta 'yan adawa ta buga hoton gadar da magajin gari ya buɗe da kiɗa da rawa, ruwan farko ya tafi da rabinta.

"Ke ma'aikaciyar hukuma ce," in ji Don Wilfredo. "Ba ruwanki da siyasa."

"Shi ya sa, Padrino. Ranar da na sauke ɗaya, na shiga siyasa ke nan."

"Karatun nan ya hau miki ka. Ni ba zan iya tare miki abin da zai biyo baya ba." Ya kifa hularsa ya fita.

Rana ba ta raba ba sai ga Ledin, ɗan kawunta, wanda ke yi wa 'yan adawa yaƙin zaɓe. Ya ajiye mata tortiya, wato wainar masara, da wake a kan tebur, bakinsa har kunne.

"Jarumar gidanmu! Gari ya ɗauka. Asabar ki zo dandali ki hau mumbari da sandar nan a hannu. Waccan tasu kuwa, ba ni ita in kai wa masu kifi su yi naɗi."

"Cire hannunka. Ita ma a nan za ta kwana."

"Ƙarya ce fa zalla a ciki, Nohemí!"

"Masu karatu suna da ido. Kuma ba mumbarin da zan hau. Laburaren nan har da na waɗanda ba sa ƙaunarku."

Ledin ya janye hannunsa. "Ashe ke ma tasu ce." Ya ɗauke abincinsa ya tafi da shi.

Daga nan direba ya daina tsayawa. Ta koma fita da sassafe, ta taka har mararraba ta sayo jaridun da kanta. Aka yanke wutar laburaren, ta buɗe tagogi. Aka ajiye ɗan sanda a kan benci a bakin ƙofa, yana bin fuskar duk mai shiga da kallo. Tsofaffin suka janye ɗaya bayan ɗaya, sai Don Eulogio, wanda ido ya riga ya gaza masa.

"Yarinya, karanta min. Fara da maƙaryatan masu mulki, mu ƙare da na 'yan adawa."

Ta karanta masa duka biyun da murya iri ɗaya, ba ta rage ba, ba ta sa gishiri ba.

Magajin gari ya sake cin zaɓe. Ba a kore ta ba, an dai mayar da ita mayankar gari, tana buga hatimi a takardun shanu cikin ƙarnin jini da ƙudaje. Takan je da farar rigarta a goge, kai a ɗage.

Ta rasa laburaren. Don Wilfredo yakan tsallaka titi in ya hango ta, Ledin kuma ya daina shiga gidansu. In ta wuce da safe takan leƙa ta taga, ta ga sanda ɗaya a bango, da ƙusa ɗaya babu komai a kanta.