Duwatsun Ɗangana

Maiguwa na cikin sharar gona Husaina, 'yar maƙwabcinsa Ɗangana, ta iso tana haki.

"Baba Maiguwa, Baba na kiranka. Jikin ya yi tsanani."

Ba ciwon ne ya fara faɗo masa a rai ba, duwatsu ne.

Shekara uku ke nan, lokacin da Italiyawa suka zo garinsu Keita da aikin raya ƙasa, Ɗangana ya yi ta jido duwatsu a kan jaki yana jerawa a fakonsa don su tare ruwa. Maiguwa ya yi masa dariya a bainar jama'a: wa ya taɓa shuka dutse? Damina biyu kacal, fakon da ko akuya ba ta tsayawa ya cika rumbu. Tun daga nan in Maiguwa ya ji ana sussuka a gidan Ɗangana, tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Hassada ce, ya sani, ya kuma kasa danne ta. Ya tambayi wanda ya yi wa dariya? Ina! Sai ya riƙa zare duwatsu daga layin Ɗangana na kan iyakar gonakinsu duk ranar kasuwa, ya jera nasa. Ruwa ya zo ya bi gefensu, har ya yaga masa gona.

Ya tarar da Ɗangana kwance a inuwar rumbun nan, ya rame.

"Ka zaka? Zamna. Duwatsun da kaɗ ɗauka..."

"Ni wallahi..."

"Bari, na yahe tun bara. Abin da ka cin raina, ka jera su bin gangara, kamar mai yi ma ruwa rakiya. Gicciye a ka yi, wawa! Kullum na gane su sai in ji kamar in tsallaka in gyara."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Maiguwa ya so ya ji sanyi, sai haushi ya riga: ko yana mutuwa mutumin nan ya fi shi. Ya buɗe baki ya rama, hawaye suka zubo.

Kafin la'asar Ɗangana ya cika.

Bayan sadakar uku, Maiguwa ya kwashe layinsa dutse bayan dutse, ya sake jerawa a gicciye, ya fara daga giɓin da ya bari a iyaka. Da ruwan fari ya sauka, ya fito ya tsaya. Ruwa ya kwanta luf a bayan dogon layi guda, daga gonar mamaci har tasa.