Layukan Da Aka Shuka Don Su Kamu

Darrel Ochs ne ya kashe wa Verna alkamarta, kuma da saninsa. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙanin mijinta ne, wanda ya girma yana cin tuwon dankali a teburinta.

Bara da kaka, wata huɗu da binne mijin, ya zo da motar kamfanin iri da takarda a hannu. Wai eka biyu kacal suke so a kusurwar gona, su gwada sababbin irin alkama masu jure cutar tsatsa. Ya haɗa mata da irin da za ta shuka a sauran gonar, ya ce wannan kam ta manta da feshin magani. Karatun Verna bai yi nisa ba, marigayin ne mai duba takardu. Ta sa hannu, har da zuba masa kofi.

Alkama ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta tashi kore shar a tuddan yankinsu na Palouse. Sai watan Mayu ya zo da sanyi da yayyafi ba ƙaƙƙautawa.

*

Ran da Verna ta ratsa gonar, kafin ta yi taku ɗari wandonta ya rine rawaya har gwiwa. Ta juya ganye, ga tsatsa layi-layi, tana zuba kamar gari. Tana matsawa kusurwar da aka ba kamfanin, abin yana ƙara muni.

A can ta tarar da wata ma'aikaciyar kamfanin, mai furfura, tana rubutu tana murmushi. Matar ta ce bana gwaji ya yi kyau, cutar ta kama yadda ake so. Ta nuna layukan da suka kewaye filin gwajin, ta ce da gangan ake shuka su da irin da bai da ƙarfi, a barbaɗa masa cutar, don ta bazu a ga wanda zai jure.

Verna ta nuna sauran gonarta. Ta tambaya, to nata irin fa?

"Yana jurewa, amma ba duka ba. Sai ya girma kuma rana ta yi zafi. A shekara irin wannan dole a yi feshi da wuri." Murmushin ya ɗauke. "Ba wanda ya gaya miki?"

*

Verna ta sami Darrel a gidan abincin da manoma ke karyawa, ya tasa ƙwai da nama. Ta dire masa damin alkama a kan faranti, rawayan gari ya tashi.

Ya ce ta zauna a yi magana a hankali. Ya ce tsatsa iska ke kawo ta, ko daga ina ma tana iya zuwa.

"Goggo Verna, ai komai yana shafi na huɗu na takardar da kika sa wa hannu."

"Shafi na huɗu. Kai da ka san baffanka ne ke karanta mini ko takardar asibiti?"

Manoman suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Uku daga cikinsu akwai irin wannan filin a gonakinsu.

Ta jawo kujera ta zauna.

"Shekara arba'in da ɗaya gonar nan ba ta taɓa fashin girbi ba. Kira wanda ya aiko ka, Darrel. Ya zo nan, gaban mutanen nan, ya gaya mini wa ya ce a barbaɗa. Ina jira."