Layin Hannun Inna

Shekararsa hamsin da biyu, gemu ya yi furfura, amma a gidansu har gobe Auta ake ce masa. Shekara talatin yana manna tayil a banɗakunan mutane, bai taɓa manna ko ƙwaya ɗaya a na uwarsa ba, sai da Inna ta zame ta faɗi.

Ba ta karye ba, gwiwa ce ta kumbura. Sai dai idonta ya daɗe da yin hazo, haske da duhu kawai take rabewa. Yaya, wanda take zaune a gidansa, ya yanke hukunci irin na mutanen ofis: a gyara banɗakin, in kuma ta ƙara faɗuwa a ɗauko mace ta riƙa yi mata wanka.

"Ranar da wata ta cuɗa mini baya," in ji Inna, "ku haɗa da likkafani, a yi wankan gaba ɗaya."

Yaya ya yi dariya. Auta bai yi ba, don ya san tsohuwar ba ta iya wasa ba.

Washegari suka je shagon tayil. Yaya ya zaro waya ya nuna wa mai shago hoton banɗakin wani otal, fari fat, tayil manya-manya masu sheƙi kamar madubi. Nan da nan mai shago ya jero masa irinsu. Auta kuwa ya wuce can ƙuryar shago inda ake jibge kayan da suka yi kwantai. Ya rufe ido yana bin su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Maigida, tayil kake saya ko duba kake masa?" in ji mai shago.

"Miƙo mini wancan."

Siriri ne, faɗinsa yatsa huɗu, shuɗi mai duhu, da gurgura a jikinsa kamar bayan kada. Mai shago ya hure ƙurar kwalin ya ce shekara uku ke nan ko kallonsa ba a yi ba.

"Wannan mummunan abin ba zai shiga gidana ba," in ji Yaya.

"Farinka za a sa. Wannan layi ɗaya ne tak."

"Ko rabin layi."

Auta ya ɗauki kwalin ya ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya haɗa da tayil ɗin ƙasa mai kaushi wanda ba ya santsi.

Banɗakin Inna ƙarami ne, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Auta ya shiga da guduma zai fara fasa tsohon shafe, sai ya tsaya. A jikin fentin akwai wani layi da ya yi duhu ya yi sulɓi, ya tashi daga bakin ƙofa, ya bi bangon dama, ya sha kwana, ya ɗan sauka ƙasa daidai inda mutum zai sunkuya ga famfo. Ba datti ba ne. Sawun tafin Inna ne, shekara da shekaru tana lalube tana dafawa. A wuri ɗaya layin ya yanke, inda fenti ya ɓare, kuma a nan ta faɗi.

Ya ajiye guduma. Ya buga ƙusa a jikin katakon ƙofa daidai tsayin layin, ya auna saukar da ya yi wajen famfo ya rubuta a bayan kwali. Sannan ya fasa bangon.

Kowane mai tayil ya san ƙa'ida. Kafin ka kwaɓa siminti sai ka raba bangon yadda cikakken tayil zai zauna inda ido ke sauka, yankakke kuma ya ɓuya a bayan ƙofa. Abin kunya a sana'ar shi ne siririn yanki a gindin bango. Auta da kansa ya sha tsayawa a aikin wasu yana tambaya, "Wane makaho ne ya yi wannan?"

Ya ja zare daga ƙusar nan, ya daidaita shi da ma'aunin ruwa. Ya shimfiɗa tayil a baranda ba siminti don ya ga yadda za su faɗa. Lissafi ya ƙi. In shuɗin layin ya zauna a kan sawun Inna, to a ƙasa sai an sa yanki mai faɗin yatsa biyu, zagaye da ɗakin gaba ɗaya, a sama ma wani yankin. In ya ɗaga layin taƙi guda kuwa, komai zai zauna cif kamar a hoton waya.

Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Sannan ya jawo injin yanka.

A haka Yaya ya same shi, da jakar tafiya a hannu, zai yi kwana uku a wajen aiki.

"Auta, mene ne wannan? Na ce ba na so, ka kawo. To ko don mutuncinka ɗaga shi sama kaɗan mana. Ni da ban san aikin ba na ga ya karkace wa tsari."

"In ɗaga layi, ko in ɗaga hannun Inna?"

"Za ta saba."

"A shekara tamanin? Kai da aka canza maka wurin ajiye takalmi ka yi sati kana masifa?"

"Ka iya bakinka. Gidana ne."

"Gidanka ne. Bangon nata ne."

Yaya ya nuna shi da makullin mota. "Wallahi in na dawo na tarar da wannan shirmen, sai an farfashe shi. Masu tayil ba su ƙare a gari ba."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Kwana uku yana ciki. Ya yanka siraran yankunan nan ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai suka fashe a hannunsa, yana yi yana tsaki. Shuɗin layin ya fito da shi waje kaɗan fiye da fararen, yadda yatsa zai ji gaɓarsa. Wajen famfo ya sauke shi mataki ɗaya, kamar yadda hannun Inna ya saba sauka. Ya cike tsakani, ya goge, ya bar shi ya bushe.

Yaya ya dawo da hantsi, ko jaka bai ajiye ba ya leƙa. Ya tarar da Auta zaune a kan bokitin da ya kife a bakin ƙofa.

"Ashe ka yi."

"Na yi."

"Har da wani lanƙwasa kamar macijin da ya sha duka! In baƙo ya shiga me zai ce?"

"Baƙo ya je naka. Naka ai fari ne." Auta ya miƙa masa guduma. "Ba sai ka kira kowa ba. Ga ta. Amma ka rufe ido tukuna, ka taka daga nan zuwa famfo. In ka isa ba ka dafa shi ba, ni zan taya ka fasawa."

Yaya ya karɓi gudumar, bai rufe ido ba. "Ni za ka mayar yaro?"

"Wai hayaniyar me nake ji tun ɗazu?"

Inna ce, ta taho tana ɗingishi, zane a kafaɗa, kwandon soso a hannu. Kwana uku tana wanka a banɗakin matar Yaya ana riƙe da ita, ta ƙoshi.

"Inna, tsaya a kama ki," in ji Yaya.

"Kama kanka."

Auta ya janye bokiti. Ta tsaya a bakin ƙofa, farin ya kashe mata ido, ta runtse. Hannunta ya tashi da kansa zuwa inda ya saba, ya sauka a kan gurguran nan. Ta tsaya cak. Ta shafa shi gaba, ta shafa baya. Sai ta taka. Ta bi bangon dama, ta wuce inda ta faɗi, ta sha kwana, layin ya sauka hannunta ya sauka tare da shi, ya faɗa kan famfo. Ruwa ya zubo.

Auta da Yaya suka zuba mata ido daga bakin ƙofa.

"Kun tsaya kallon me?" in ji Inna. "Ƙattin banza. Ku ba ni wuri."

Ta lalubo ƙofa ta turo, suka ji ta zura sakata.

Suka tsaya a baranda, ruwa na zuba a ciki. Yaya ya dubi gudumar da ke hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ba, ya jingine ta a bango.

"Yankin ƙasan nan dai ya yi muni," in ji shi.

"Ya yi," in ji Auta, yana tattara kayan aikinsa a buhu. "Duk wanda ya tambaya, ka ce ni na yi."