Yatsu Huɗu a Jikin Kwalbati

Mahaifinmu, Malam Muhammadu Sani, bai bar mana hoto ba. Duk wanda ya ɗaga masa waya sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba ɗan takara ba ne. Na katin aikinsa gumi ya cinye tun ina firamare, na katin zaɓe kuwa shi da kansa ya ce bai san mutumin ba. Abin da ya bari shi ne tafin hannunsa na dama a bangon wata kwalbati da ke tsakanin ƙauyenmu da Bici. Yatsu huɗu ne, don injin kwaɓa siminti ya tafi da ƙaramin tun kafin a haife ni. Ranar da suka gama zuba kankaren ya sauka ƙasa, inda ogansu ba zai gani ba, ya danna hannunsa a ɗanyen siminti.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin hanya. Da lebura ya fara, da lebura ya gama, sai dai duk inda za a kwaɓa kankare shi ake nema. Taurin kai gare shi na gani a faɗa. Idan ɗan kwangila ya ce a ƙara yashi a rage siminti, sai Baba ya jingine shebur ya naɗe hannu. Sau biyu ana sallamarsa a kan haka, mu kuma mu sha kunu babu sukari. Yakan dawo gida da jar ƙasa har cikin gira, yana warin kwalta, ya ci tuwo, barci ya kwashe shi kafin a ɗauke kwano. Ban taɓa samun hirar kirki da shi ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ina jin haushin wannan.

Bara da damina ya rasu. Da rani aka fara faɗaɗa hanyar, labari ya iso gida cewa ana fasa tsofaffin kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya. Inna, wadda yanar ido ta kusa rufe mata gani, ta sa aka kira ni.

"Tasi'u, ka kawo mini hannun nan kafin su fasa shi," in ji ta. "Shekara da shekaru ina jin labarinsa. In na shafa zan gane."

Na ce mata an gama. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, na bar wa maƙwabcina rumfar wakena a Dawanau na hau babur.

Fomanin wurin ya saurare ni yana sakace, ya ce shi ba ya ba da ko tsakuwa sai da izinin injiniya. Injiniyan, wani matashi mai suna Abdulkabir, ya yi mini fara'a, ya ce buraguzai ma kayan kamfani ne, in je ofishinsu a cikin gari. A ofis aka ce in rubuto takarda. Na rubuto, aka ce babu hatimin dagaci. Dagaci ya tafi ɗaurin aure Dawakin Tofa, sai da na jira shi kwana biyu. Na koma da hatimi, sakatariya ta duba ta ce na rubuta wa manaja, alhali darakta ya kamata. Na sake rubutawa. Darakta yana taro, washegari ma yana taro, har na fara tunanin a ɗakin taron yake kwana. Duk wannan a kan guntun siminti da ko faranti bai kai ba.

Kullum a hanyata nakan tsaya a kwalbatin. In kafe babur, in gangara, in tabbatar hannun yana nan. Nakan ɗora nawa a kai, in ga nasa ya fi faɗi. A nan na tuna ranar da ya goya ni a keke ya nuna mini wurin, yana cewa ko jikokina za su taka wannan aikin. A lokacin yunwa nake ji, ban ko kalla da kyau ba. Da yamma Inna takan ji ƙarar babur ta tambaya, ni kuma in ce mata gobe.

Kwana ukun ƙarshe a cikin gari na tare ina gadin ofis, ban leƙa kwalbatin ba. A rana ta goma sha ɗaya darakta ya sa hannu. Ko karantawa bai yi ba. Na sayi guduma da kurfin sare kankare, na kama hanya ina gudu kamar an biyo ni.

Daga nesa na hango tifofi. Wurin da kwalbatin take ya zama fili ja, shimfiɗaɗɗe, motar daɓe tana kai da kawowa a kai. An gina sabuwa can gefe. Na tsaya da takarda a hannu ina neman ko gefen bangon, babu.

Abdulkabir ya gane ni, ya taho yana murmushi. Ya ce kwana biyu suka yi suna dukanta da injin fasa kankare, har bakin injin ya karye, ko tsagewa ba ta yi ba. Da suka ga za ta ɓata musu lokaci, sai jiya suka cika ta da ƙasa suka bi ta kai.

"Wallahi Malam, wanda ya zuba kankaren nan ya san aikinsa," ya ce. "Sauran duk cikin awa ɗaya muka gama da su."

Yabo yake yi, ni kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi. Na ji haushinsa, na ji haushin darakta da taronsa, na kuma ji haushin Baba. Da ya bari an ƙara yashin nan kamar kowa, da yanzu guntun yana cikin buhuna.

Bayan la'asar na isa gida. Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Da ta ji sallamata ta kakkaɓe hannunta a zani, ta miƙo shi. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga fomani har bakin injin da ya karye. Da na zo nan ta ɗan yi murmushi. Daga baya ta janye hannun a hankali.

"Wurin da nisa ne?"

"A'a, Inna. Minti ashirin ne a babur."

"Kai ka je ka gan shi?"

"Kullum nake tsayawa."

Ta lalubo wata gyaɗar ta riƙe, ba ta ɓare ba.

"Ai da ka goya ni ka kai ni, Tasi'u," ta ce. "Shafawa kawai zan yi."