Famfon Ɗakin Ƙarshe

Da Babba ya ce ta zo ta sa wa ginin albarka, Iya ba ta kawo komai a ranta ba. Ɗanta ne na fari, shi ne kuma shugaban ƙungiyar da ke gina gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Wa zai kira in ba ita ba? Ta ɗauki sandarta ta shiga mota.

An yi rufi, ba a yi filasta ba. Ko'ina yashi da ɓaraguzan bulo, ga wayoyi sun leƙo daga bango kamar jelar ɓera. Ta ɗaga hannu za ta fara addu'a ke nan, sai mai haɗa wuta ya matso da alli.

"Yauwa Iya, tsaya a haka. Ƙara miƙawa kaɗan." Ya ja layi daidai kan yatsunta. "Nan makunnin fitila zai zauna."

Kafin ta sauke hannu mai famfo ya iso da abin awo. "Iya, ɗan sunkuya kamar za ki wanke ƙafa. Gwiwar takan lanƙwasu kuwa?"

Ta ce, "Kai, albarka na zo sawa ko ɗinki za a yi mini?"

Babba ya ce, "Misali ne kawai, Iya. Ai tsofaffi duk tsawonsu ɗaya."

Haka aka bi da ita ɗaki ɗaki, a miƙar da ita a lanƙwasa. A ɗakin ƙarshe ne mai famfo, da yake Allah ya yi shi da baki, ya nuna wani rami a bango ya ce, "Wannan kam an ce in sa shi ta hagu, tunda hannun daman ne ke damunki."

Babba ya yi tari. Ya zaro wayar da ba ta yi ƙara ba, ya kara a kunne, ya fita yana "Na'am? Na'am?"

Iya ta dubi ramin, ta dubi tagar da ba ta kallon komai sai katanga. Ɗakinta na gida tagarsa titi take kallo, ba mai wucewa ba ta gan shi ba. A can ta haifi wannan mai tarin, a can ta yi jinyar ubansa har ya cika. Ta yi musu addu'a dai, gajeriya.

A mota ta ce, "Me ya rage a buɗe?"

Kamar jira yake. Wai masu ruwa sun ce ba za su haƙa ramin bututu ba sai masu wuta sun nuna inda wayarsu za ta bi. Masu wuta kuma sun ce ba za su kafa turke ba sai sun ga ramin da idonsu. "Amma na kusa shawo kan manajan ruwa. Da an jona, sai buɗewa."

Iya ta ce, "Allah ya taimaka."

Manajan ruwa ai Dogo ne, ɗan maƙwabciyarta. Da uwarsa ta kwanta ciwo yana jariri, Iya ce ta shayar da shi har ya yi haƙori, ya kuma gwada haƙorin a jikinta. Tun daga lokacin ba ta taɓa neman ko allura a wurinsa ba. Ajiye bashin nonon ta yi, don ta san rana irin wannan tana zuwa.

Washegari ta yi shiri ta tafi ofishin. Mutane cike a kan benci, fanka a tsaye, ga bokitai jere a bakin banɗaki, don famfon ofishin ruwan ma ba ya kawowa. Dogo na ganinta ya bar kujera ya durƙusa.

Ba ta yi kwana-kwana ba. "Ɗan nan, yayanka zai kai ni gidan tsofaffi. Kowa roƙonka yake ka yi sauri. Ni na zo ne ka yi jinkiri. Don darajar nonon da ka sha, kar ka jona musu ruwan nan."

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Iya! Wannan har sai kin taso? Ai shi ne aikinmu. Ni wallahi na ma manta ana gini a can."

"Ya ce ya kusa shawo kanka."

"Duk waɗanda ke kan bencin nan sun kusa, Iya. Akwai wanda uban ne ya fara zama, yanzu ɗan ya gaje shi. Je ki kwanta abinki."

Ta fito tana hamdala. Sai da ta kai matakala ta tsaya cak. Af! Abin da ake rabawa kowa kyauta shi ta saya da nononta? Ta juya, sanda na buga ƙasa.

"Dogo, wancan bai shiga ba, tunda ba don ni ka yi ba. Nonona na nan a kanka. Famfon gidanmu ya daɗe da ƙafewa, shi za ka gyara."

Dogo ya sosa ƙeya. "To, Iya, wannan kuma aiki ne. Injin da ke turo muku ruwa ba wuta. Sai mun zauna da masu wuta."

"Yaushe za ku zauna?"

"Mun kusa."

Da yamma tana bakin tagarta Babba ya shigo, ya zube a kujera yana zagin ofisoshin nan biyu. Iya ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Sannu, ɗan albarka. Ka ci gaba da binsu, kar ka gaji. Yanzu dai tashi ka ɗauki bokiti, ba ko ɗigo a gidan nan, ni kuma wanka zan yi."