Rabin Ɗan Tayi Naka Ne

Mijin Yaya ya faɗo ɗakin gwaji ko sallama babu, takarda a hannu, Yaya na biye da shi kamar wadda aka kamo. Ciki huɗu ke nan suna zube mata kafin wata uku. Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci: mahaifarta ce ba ta riƙo, a sake yi mata aiki, karo na uku. Ta ƙi sa hannu, shi ne ya kawo ƙara wurin ƙanwarta Auta.

"Ke da kike cikin likitoci, yi wa yayarki magana."

Auta ta cire safar hannu. Shekararta shida tana renon ƙwayoyin halittar mabiyiya a faranti, kuma wallahi wannan ɗora wa mace laifi ya ishe ta. Ta ja masa kujera gaban madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma.

"Leƙa nan, ranka ya daɗe."

A faranti na farko ƙwayoyin sun yi cirko-cirko wuri guda. A na biyu sun kutsa cikin shimfiɗar da ta yi musu, kamar saiwa bayan ruwan sama.

"Ƙwayoyi iri ɗaya, shimfiɗa iri ɗaya. Na biyun kawai na ɗiga wa ruwan da aka reni ɗan tayi a ciki. Ɗan tayin ne ke aika musu saƙo su kama bangon mahaifa. In saƙon ya yi rauni, mabiyiya ba ta kafuwa, ko da mahaifar lafiyarta lau."

"To ni ina ruwana da wannan dogon karatu?"

"Ɗan tayin, Yaya ita kaɗai ta yi shi? Rabi naka ne. Ban ce daga gare ka ne ba, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, tunda ba a taɓa gwada ka ba."

Ta ɗauko kwalbar gwajin maniyyi ta dire masa. Gogan naka ya miƙe, fuska murtuk.

"Ni? Auta, wasan nan ya wuce gona da iri."

"Wa ya ce maka wasa nake? Sau biyu ana kwantar da ita ana kankare ta, ba ka ce ya yi yawa ba. Kai kwalba kawai aka miƙo maka."

Ya juya wurin matarsa, yana jiran ta tsawatar wa Auta kamar yadda ta saba. Sai Yaya ta zare takardar daga hannunsa, ta ninke, ta jefa a jaka.

"Ƙofa ta biyu a hagu," ta ce. "Je ka, Baban gida. Yau ni zan zauna a benci in jira."